Na Gaya Masa, Amma Cikin Wasa

Shagona yana daura da sakatariya a Kiru, ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa. Ina buga wa mutane takardu, ina yin fotokwafi, ina cike wa masu neman makaranta fom a intanet. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai wata shida da na yi a wata makarantar koyon kwamfuta a Kano, wadda tuni ta rufe. Amma a garinmu duk wanda ya iya kwance firinta ya mayar injiniya ne. Haka ake kirana, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba.

A makarantar nan ne wani malami ya nuna mana Linux, wato manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutocin ofisoshi. Babu hoton da za ka danna, baƙin allo ne kawai, kai ne za ka rubuta mata umarni ta bi. Ya ce akwai jarrabawar da ake yi, wanda ya ci a ba shi takardar shaidar cewa ya iya kula da irin waɗannan na'urori, kuma takardar tana da daraja ko'ina. Abin ya shiga raina. Na sayi babban littafin rubutu mai bangon kwali, na shekara biyu ina tara tambayoyin jarrabawar da suka gabata, ina kwafe su da hannuna, kowace tambaya da amsoshinta huɗu, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin ta daidai. Sai da littafin ya cika har cikin bangonsa.

Ban taɓa zama jarrabawar ba. Tsoro nake ji. In an tambaye ni sai in ce ina jiran aiki ya yi sauƙi. Da tafiya ta yi nisa wasu suka ɗauka na yi na ci, na bar su a haka.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wan mahaifiyata. Wata huɗu ne tsakaninmu. Tun muna rarrafe muke wasa, kuma wasanmu ya fi na kowa zafi a dangi. Shi yana kirana bawa, ni ina kiransa mai gadin ruwa, ko in ce Bafillace mara saniya, don mahaifiyarsa 'yar Fulanin wajen Burumburum ce. Ya taɓa aiko mini cewa shagona ya kama da wuta, na baro wurin ɗaurin aure a guje da takalmi ɗaya, na tarar da shi zaune a bencina yana cin gyaɗa. Ni ma na taɓa sa shi ya tafi wurin aiki ranar Lahadi da sabuwar riga, na ce manya za su zo daga Kano. Duk dangi sun san maganar da ke tsakaninmu ba a ɗora mata kaya. Sai dai muna da ƙa'ida ɗaya. In maganar gaske ce, mai yin ta zai fara da cewa, "Ajiye wasa." Da zarar an faɗi haka, abin da ya biyo baya gaskiya ne. Tunda muke ba wanda ya taɓa karya wannan.

Aikinsa a wani ofishin ruwa ne a Tiga. Shekara bakwai yana can a matsayin ma'aikacin wucin gadi. Da safe ya duba ma'aunin ruwa ya rubuta a littafi, ya buɗe famfo ya rufe, ya share ofis in mai shara bai zo ba. Yana da mata da 'ya'ya uku. Kowace shekara ana cewa za a tabbatar da su, kowace shekara maganar ta bi ruwa.

Wata ranar Asabar, farkon bazara, ya zo shagona a acaɓa. Bai zauna a benci ba, ya shigo ciki ya tsaya.

"Bawa, ajiye wasa," in ji shi.

Na kashe injin fotokwafi.

Ya ce an kawo musu babbar kwamfuta, irin wadda ake kira saba, ita za ta riƙa ajiye bayanan ruwa da na famfuna. An ce ana son mutum ɗaya da zai kula da ita. In akwai wanda zai kawo takardar shaidar nan daga cikin na wucin gadi kafin ƙarshen shekara, shi za a tabbatar a kujerar. In babu, za a turo wani daga birni, su kuma a sallame su, tunda na'ura za ta ɗauke aikin littafi. A cikinsu shi kaɗai ne ya gama sakandare. An ba shi takardar shiga jarrabawar, zama ɗaya, babu na biyu.

"Kai ka san abin," ya ce. "Ni ban san kowa ba sai kai."

Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata. Na ciro littafina daga durowa na ajiye a gabansa, na ce duk abin da za a tambaye shi yana nan ciki. A lokacin ban yi ƙarya ba, haka na yi imani.

Ni na yi masa rajista. Ba shi da imel, na sa nawa. Da aka zo zaɓen rana ya ce a kai ta bayan kaka, don shi ne ke riƙe da gonar kawu, kuma yana son isasshen lokaci. Na zaɓa masa rana a ƙarshen kaka.

Hanyar karatu ɗaya muka sani ni da shi, wadda muka taso da ita a zauren malam. In karanta, ya maimaita. In ba shi shafi biyu, ya tafi ya haddace, Asabar mai zuwa ya kawo mini. In ya kawo daidai in ƙara masa, in ya yi tuntuɓe in mayar da shi baya. Ranar Lahadi kuma tilawa, daga farkon littafin har inda aka tsaya. Na yi masa fotokwafin littafin gaba ɗaya, ya sa a leda saboda ruwa, yana yawo da shi a cikin riga. Ya ce har a bakin ma'aunin ruwa yana biyawa, abokan aikinsa suna tambayarsa ko addu'ar tsari daga kada ce.

"Wai bawa, wannan umarnin me yake yi in an rubuta shi?" ya tambaye ni wata rana.

"Yana tada aikin da ya tsaya."

"To mu rubuta mu gani mana."

"Kai da ko akuya ba ka iya tayarwa? Haddace tukuna. A can ba a ce ka tada komai ba, zaɓa za ka yi cikin huɗu."

"Allah ya ba ni takardar nan in ɗauke ka aikin goge mini tebur."

"Ka fara sayen tebur ɗin."

Akwai wata tsohuwar laftof a shagon da na sa wa Linux tun ina makaranta. Sau biyu ko uku na kunna masa ita ya ga baƙin allon, na rubuta abubuwan da na tabbatar ba za su ba ni kunya ba, na rufe. Nakan ce batirin ba shi da kyau. Gaskiyar ita ce ni kaina abin da hannuna ya iya bai kai rubu'in abin da ke littafin ba.

Ya fi ni kai. Tun a makarantar allo haka yake. Abin da ya ɗauke ni shekara biyu, shi a wata huɗu ya zuba shi a ka. In na buɗe kowane shafi na ja farkon tambaya, sai ya ƙarasa ta, ya kawo amsoshin huɗu a jere, ya faɗi ta daidai. Masu jiran fotokwafi sukan tsaya suna kallo. Wani dattijo ma'aikacin sakatariya ya ce mini, "Injiniya, wannan ɗalibin naka zai wuce ka." Na yi dariya tare da kowa. Bayan sun watse na zauna ina jin wani abu a ƙirjina wanda ban so in kira sunansa ba. Yanzu ina iya kiransa. Hassada ce.

Masu shirya jarrabawar sun turo saƙo a imel ɗina tun farkon damina. Turanci ne dogo, na ga kansa kawai na ɗauka talla ce, na wuce. Suka sake turowa, na sake wucewa. Na uku na buɗe shi wata rana da aka wuni ana ruwa, babu mai shigowa shago, na rasa abin yi. Na karanta shi sau uku, ina bin layi da yatsa.

Sun ce an canza jarrabawar. Tsohon tsari, na tambaya da amsoshi huɗu, an ba da wa'adi ga mai son yin sa ya matso da ranarsa, kuma wa'adin ya cika tun satin da ya wuce. Duk wanda ranarsa ta faɗo bayan nan sabon tsari zai yi. A sabon tsari babu zaɓi. Za a zaunar da kai gaban kwamfuta, a ba ka jerin ayyuka, ka yi su da hannunka: ka buɗe wa sababbin ma'aikata hanyar shiga, ka raba ma'ajiyar na'urar, ka haɗa ta da sauran kwamfutoci, ka gyara ta in ta ƙi tashi. Kuma a kan sabon zubin Linux za a yi, ba wanda na koya ba.

Da na buɗe saƙon farko, da na matso masa da ranar, ya je ya zuba musu haddarsa ya dawo da takarda. Wannan ya riga ya wuce. Amma a ranar da na karanta, saura kamar sati goma.

Washegari na tada janareto, na sauko da sabon zubin, na sa shi a tsohuwar laftof ɗin. Ya ɗauke ni daga hantsi har la'asar. Da baƙin allon ya fito na buɗe littafina na rubuta umarnin duba hanyar intanet. Ta ce ba ta san shi ba. Na rubuta wani, ta amsa da wani dogon bayani da ban gane ba. Na gwada na uku, na ga har sunan da na'urar ke kiran abubuwan cikinta ya canza. Na rufe ta, na tura ta ƙarƙashin tarin takardu, na kashe janareto.

Ba wai babu mafita ba ne. Akwai wani mutum a Tudun Wada da ke kula da irin waɗannan na'urori a wani kamfani, na san gidansa, kuma ba mai rowar ilimi ba ne. Ita kanta sabar da ke ofishin taubashina sabon zubin ne a kanta, da zai roƙa da an bar shi ya riƙa taɓawa. Mutum mai kai irin nasa, sati goma ba kaɗan ba ne. Duk wannan na lissafa shi a raina a ranar. Abin da ake bukata kawai in ce masa, ajiye wasa, na yi sakaci, kuma abin da ya rage ban iya shi ba, tashi mu je wurin wanda ya iya.

Asabar ta zo, ya shigo da ledarsa yana karkaɗe ruwa daga hula. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ina muka tsaya?"

Haka muka yi Asabar shida. Ina jan tambaya yana ƙarasawa, ina cewa madalla. Kowane mako nakan ce wa kaina mako mai zuwa zan faɗa, kowane mako kuma faɗar tana ƙara nauyi, don yanzu sai na haɗa da bayanin dalilin da ya sa na yi shiru a makon jiya. Ina tunanin yadda labarin zai zaga Kiru, a ce injiniya ashe bai iya ba, ashe ma bai taɓa zama jarrabawar ba. Akwai kuma wani tunanin a ƙarƙashin wannan, wanda yake zuwa mini ko a sahun salla: in ya faɗi, shi ke nan, mun zama ɗaya. Nakan yi a'uziyya in kore shi, ya dawo. Abinci ya daina yi mini daɗi. Matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce ƙurar takarda ce.

Abin da na so shi ne in zama na faɗa ba tare da na faɗa ba. Kuma na samu hanya.

An kawo masarar kawu gida, aka kira mu ɓarza kamar kowace shekara. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan azahar, an tara masara tuli guda. Kawu yana kan buzunsa a inuwar rumbu. Inna, matar kawu, tana gefe da faifai tana sheƙe wadda aka ɓarza. Matar taubashina tana kawo mana kunu. Ni da shi muna fuskantar juna, kowa da kwarya a gabansa. Hannunsa yana ɓarza, bakinsa yana motsi.

"Kun ga mai gadin ruwa," na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Yana ta wahalar da bakinsa a banza. An canza jarrabawar tun tuni. Duk abin da ya haddace an zubar da shi."

Na faɗe ta da dariya, da irin muryar da na gaya masa manya za su zo daga Kano. Na zaɓi muryar da gangan.

Ya jefe ni da totuwa. "An canza ta an mayar da ita Fillanci, ko?"

"Wallahi da ka huta. Yanzu kwamfuta za su ajiye maka su ce gyara."

"To ai sai in ce a jira, ina da bawa a Kiru, bari in aika a kirawo shi."

Matarsa ta yi dariya har kunu ya zube mata a hannu. Inna ta ce mu dai ba ma girma.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ajiye masarar da ke hannunsa ya dube ni. Mutum ne da bai yi boko ba, amma ya san abin da ke rataye a kan takardar nan.

"Kai, ɗan nan," ya ce. "Maganar nan da gaske ce?"

Na ji sautin faifan Inna ya tsaya. Kawuna ne, ba abokin wasana ba, ba a yi masa ƙarya. Na sunkuyar da kai kamar mai ladabi, na bar murmushi a fuskata, na ci gaba da murza masara. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

"Malam, rabu da su," in ji Inna. "Yaushe ka fara ɗaukar zancen waɗannan? Wanda ya ce shago ya ƙone da wanda ya ce manya na zuwa."

"Baba, ai bai ce a ajiye wasa ba," taubashina ya ce. "Baƙin ciki ne kawai yake damun bawa."

Kawu ya ɗan ƙara dubana, sannan ya ɗauki masararsa. "Allah ya shirye ku," ya ce.

Na koma gida ranar nan da sauƙi a ƙirjina. Wannan ne abin da ya fi ba ni kunya in na tuna. Na ci tuwo na ƙoshi. Na ce wa kaina na fita, na faɗa a gaban mutum huɗu, in bai yarda ba shi ya so. Saura sati uku da 'yan kwanaki a lokacin, kuma ko a nan da na ɗauki waya na ce ajiye wasa, da wataƙila an ceto wani abu, ko a roƙi a ɗaga ranar. Ban ɗauka ba.

Ranar jarrabawa ni na raka shi Kano. Muka hau bas da sassafe. Ya sa farar shadda da matarsa ta wanke ta goge, ledar karatunsa a cinya. Tun daga tasha yake biyawa a hankali, in ya gama shafi ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce ja mini wata. Ina ja masa. Har ƙofar wurin jarrabawar ina ja masa. Aka ce ba a shiga da waya ko leda, ya miƙo mini su, ya ce, "Riƙe wa ubangidanka kaya." Ya shiga.

Na zauna a kan wani dakali a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Wasu da suka shiga tare da shi suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Shi bai fito ba sai da lokaci ya cika. Daga baya na ji cewa awannin nan duka zama ya yi yana rubuta abin da ya haddace a baƙin allon, na'urar tana mayar masa da shi, yana sake rubutawa.

Da ya fito bai nufo ni kai tsaye ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi, kamar wanda aka sauke a garin da bai sani ba. Na tashi na je na miƙa masa wayarsa. Ya karɓa. Ledar kuwa bai miƙo hannu ba.

"Ba su tambaye ni komai ba," ya ce. "Kwamfuta suka ajiye mini."

Akwai maganganu da yawa da mutum zai iya yi a wurin nan. Ni abin da ya fito daga bakina, wanda na shirya shi tun ranar ɓarza, shi ne, "Ai na gaya maka."

Ya juyo ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa. Ya daɗe yana dubana, na ga yana komawa baya a ransa, yana ɗauko ranar, yana juya ta.

"Ka gaya mini," ya ce.

A bas ɗin komawa akwai wuri kusa da ni, ya wuce can baya ya zauna. Da muka iso inda hanyarmu ke rabuwa ya sauka ya hau acaɓa, bai waiwayo ba.

Sakamako ya zo a imel ɗina bayan kwana biyu. Wannan karon na buɗe da wuri. Na buga shi a takarda na ba wani direba ya kai masa, don ban iya kai shi da kaina ba. Da shekara ta ƙare aka turo wani daga birni ya zauna a kujerar. Aka sallami na wucin gadi su duka. Babu wanda ya zalunce su, an faɗi sharaɗi tun farko. Kawu ya nema masa wani ɗan fili a wurin noman rani a ƙasan madatsar ruwa, ya fara shuka albasa.

Wata huɗu ban taka gidan kawu ba. Aka yi suna a dangi na ce ina da aiki. Taubashina bai gaya wa kowa komai ba, amma mutane suna da ido. Mahaifiyata ce ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ban san me ya shiga tsakaninka da ɗan yayana ba, kuma ba na son ji. Gobe ka je."

Na same shi da hantsi a cikin albasa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan. Ya rame. Da ya gan ni ya ɗago, ya goge hannu a riga, ya miƙo mini.

"Malam, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Tunda aka haife mu bai taɓa gaishe ni haka ba. Na amsa. Muka tsaya.

Na ce, "Ajiye wasa."

"Babu wasan da za a ajiye," ya ce. "Faɗi maganarka."

Na faɗa masa duka. Saƙonnin da ban buɗe ba, ranar da na buɗe, laftof ɗin da na tura ƙarƙashin takardu, mutumin Tudun Wada, Asabar shida. Na gaya masa ban taɓa zama jarrabawar ba. Na gaya masa har da abin da ke zuwa mini a sahun salla. Yana saurare yana kallon ruwan da ke bin ƙafarsa. Da fangalin ya cika ya sunkuya ya toshe shi da laka, ya buɗe na gaba, sannan ya miƙe.

"Na san ba ka taɓa yin ta ba," ya ce. "Tun farko na sani. Wanda ya yi ai da ya rataye takardar a shago. Ban damu ba, littafin na zo nema, da kai."

Ya gyara riƙon fartanyarsa, ya ci gaba.

"Sakacin imel kuma kowa na iya yi. Da shiru ka yi har ƙarshe, da na ce bawan Allah bai sani ba, mun faɗi tare. Abin da na kasa haɗiyewa, ka zauna ka nemi hanyar da za ka faɗa mini yadda ba zan yarda ba. Ka san ni, ka san inda za ka sa maganar. Kuma Baba ya tambaye ka."

Na ce ya yafe mini don Allah.

"Na yafe," ya ce, nan take, ba tare da ya dube ni ba. "Ba na son in tashi da kai a gaban Allah. Na yafe."

Na zo da wasu takardu a aljihu, jerin abubuwan sabon tsari da na buga, da kwatancen gidan mutumin Tudun Wada. Na ciro su na ce ko zai sake gwadawa, zan raka shi, ni ma in zauna in koya daga farko.

Ya kalli takardun a hannuna, bai karɓa ba.

"In ci in kai wa wa? Akwai mutum a kujerar. Yaron kirki ne ma, yakan sayi albasa a wurina." Ya ɗaga fartanyarsa. "Ruwan nan awa biyu ake ba mu, in ya wuce sai jibi. Ka gaida Gwaggo."

Na tsaya a kan kunya ina kallonsa ya koma cikin fangalin. Na jira ko zai ƙara cewa wani abu. Da na ga ruwan ya kusa isa inda nake tsaye, na matsa masa, na hau hanya.